Darasi na Goma Sha Ɗaya: Abin da Mayen Ƙarfe Ke Kamawa da Abin da Yake Ƙyalewa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan kasuwarmu sarin tukwane da cokula a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya san yadda ake yi. Alhaji zai shiga shago, ya ɗauki tukunya mai ƙyalli, ya jinjina nauyinta, ya ƙwanƙwasa gindinta da farce, sannan ya laluba aljihu ya zaro makullansa. A jikin makullan akwai wani ɗan dunƙule da bai wuce girman maɓallin riga ba. Zai manna shi a jikin tukunyar. In ya kama, sai ya yamutsa fuska ya mayar da ita inda ya ɗauko. In ya zame ya faɗo, sai ya waiwayi yaronsa ya ce, "Ka gani ko? Wannan ce ta ainihi. Tambaye shi nawa ne katan." Yaro ya ce, "To, Alhaji," ya ɗauki kalkuleta ya miƙa wa mai shago, don da ita ake rabin ciniki a can.

Ɗan dunƙulen nan shi ne maganaɗisu, wanda 'yan kasuwa da yara suka fi sani da mayen ƙarfe. Bai yi wa Alhaji ƙarya ba, Alhaji ne ya yi masa tambayar da ba ta cikin karatunsa. Akwai tukunya mai arha, mai saurin tsatsa, wadda mayen ƙarfe ba ya kamawa. Akwai kuma cokali mai nagarta da za a gada har jikoki, wanda yake kamawa caraf. Mai shago ya san haka, shi ya sa gwajin ba ya tayar masa da hankali ko kaɗan. Abin da ya sani ɗin shi za mu koya a darasin nan.

Allura a cikin jirgin ruwa

Alaƙar Guangzhou da maganaɗisu ta girmi kasuwar baje koli ta Canton da aka fara a 1957, ta girmi unguwar Xiaobei da ginin Tianxiu inda 'yan Afirka ke hada-hada. Birnin tashar jiragen ruwa ne tun fiye da shekara dubu, fataken Larabawa da Farisa suna zuwa, kuma masallacin Huaisheng da ke tsakiyarsa yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Wani marubuci mai suna Zhu Yu, wanda mahaifinsa ya riƙe mulkin birnin a wajajen shekarar 1100, ya rubuta littafi mai suna Pingzhou Ketan a wajajen 1119. A ciki ya ba da labarin matuƙan jiragen da ke tashi daga can, ya ambaci cewa in gari ya lumshe suna dogara da allura mai nuna kudu. Wannan ne rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan amfani da kamfas a teku. Kafinsa, a 1088, masani Shen Kuo ya bayyana yadda ake goga bakin allura da wani dutse sai ta koma tana nuna kudu. A Turai sai wajajen 1190 aka fara ganin zancen a rubuce.

Dutsen da ake gogawar nau'in tama ne, baƙi, mai nauyi, wanda a halittarsa yake jan ƙarfe. Girkawa sun danganta shi da wani yanki nasu mai suna Magnesiya, Larabawa suka ari sunan, mu kuma muka karɓo daga Larabci muka ce maganaɗisu.

Ku lura da abu ɗaya: allurar ta baƙin ƙarfe ce. Da za a kwana ana goga allurar azurfa ko ta tagulla da dutsen nan, ba za ta nuna ko'ina ba. Ke nan tun wancan zamani an gane cewa ƙarafa ba su zama ɗaya a gaban maganaɗisu ba.

Har yau baƙo na buƙatar allurar nan a Guangzhou. Bahaushe in zai yi salla cewa yake ya fuskanci gabas, amma a can alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata arewa. Sabon zuwa yakan buɗe kamfas ɗin wayarsa a ɗakin otal ya ga kibiya tana rawa. Ba wayar ce ta lalace ba. Firji ne, ko lasifikar talabijin, ko rodin da ke cikin bango suke jan ta. Ya matsa tsakiyar ɗaki ko ya tambayi wanda ya riga shi zuwa.

Uku ne kacal

A cikin tsantsar ƙarafan da Allah ya halitta, uku ne maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi a yanayin zafin da muke rayuwa: baƙin ƙarfe, da nikel, da kobalt. Baƙin ƙarfe kowa ya san shi, shi ne ƙusa da fartanya da rodi da jikin mota. Nikel fari ne mai sheƙi, an fi shafa shi a bayan wasu ƙarafa ko a gauraya shi da su. Kobalt yana cikin batirin wayoyi, kuma mafi yawansa daga Kongo Kinshasa ake haƙo shi. Akwai na huɗu mai suna gadoliniyam, amma shi sai zafi ya yi ƙasa da wajen digiri 20 yake amsawa. Da asubahin hunturu a Jos zai manne, da azahar ɗin bazara a Sakkwato ko gezau.

Sauran fa? Jan ƙarfe, wato tagullar da ke cikin wayar lantarki, ba ya kamuwa. Haka sanholo, wanda aka fi kira alminiyam yanzu, haka zinariya da azurfa da dalma da kuza da tutiya. A gaskiya ba wanda bai san da zaman maganaɗisu ba kwata-kwata. Alminiyam yana ɗan matsowa, amma matsowar da hannu ba zai ji ba sai na'ura. Jan ƙarfe da zinariya da azurfa da ruwa kuwa ɗan ja da baya suke yi, kamar yadda Michael Faraday na Ingila ya nuna a 1845. A 1997 masana a birnin Nijmegen na Holan sun ɗaga kwaɗo mai rai ya tsaya a iska cikin wani maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, saboda ruwan jikinsa yana tunkuɗar maganaɗisun. Kwaɗon bai ji ciwo ba. Amma a kasuwa da gida, waɗannan duk a rukunin "ba ya kamawa" za mu sa su.

'Yan gwangwan sun riga mu sanin wannan a aikace. Ku dubi yaron da ke tura baro yana sayen tsofaffin ƙarafa, da wuya ku rasa guntun maganaɗisun lasifika a aljihunsa ko ɗaure da zare. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, kilonsa arha. Abin da ya ƙi kamawa shi ake warewa gefe, don a nan jan ƙarfe da alminiyam suke, a nan riba take.

Me ke faruwa a cikin ƙarfen

Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu atam. A cikin baƙin ƙarfe kowace ƙwaya kamar ƙaramin maganaɗisu ce, tana da kanta na arewa da na kudu. Abin da ya bambanta ƙarafan nan uku da sauran shi ne ƙwayoyinsu masu bin maƙwabci ne: inda ta kusa ta fuskanta, can ita ma za ta fuskanta. Sai su kasu unguwa-unguwa, kowace unguwa da inda ta dosa. Masanin Faransa Pierre Weiss ne ya kawo wannan bayani a farkon ƙarni na 20.

Ku kwatanta da harabar masallacin Juma'a kafin liman ya iso. Jama'a sun cika wuri, amma gungu-gungu suke, waɗannan sun fuskanci nan, waɗancan sun fuskanci can. Haka ƙusa take in tana ajiye: unguwanninta sun saɓa, ƙarfin wannan ya kashe na waccan, shi ya sa ƙusa ba ta jan 'yar'uwarta. Da an tayar da iƙama kuwa sai sahu ya miƙe, dubban mutane fuska ɗaya. Kusanto da maganaɗisu shi ne iƙamar. Unguwannin ƙusa su juya gefe guda, ƙusar ta zama maganaɗisu ita ma, har ta ɗauki wata ƙusar a bakinta.

Daga nan hali ya rabu biyu. Akwai ƙarfe mai laushin hali, wanda da an janye maganaɗisu sahunsa ke watsewa, kamar an sallame kowa ya kama gabansa. Irinsa ake so a cikin taransifoma da injin janareto, inda wutar lantarki ke juya sahun gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa. Akwai kuma mai taurin hali, wanda in ya yi sahu ya yi ke nan. Da shi ake yin maganaɗisu na dindindin. Sukudireban mai gyaran waya da ke riƙe ɗan ƙaramin noti a bakinsa yana tsakani: an goga shi ya riƙe, amma in ya sha faɗuwa da bugu sai ya saki.

Wuta ma tana watsa sahu. In maƙeri ya zuga ƙarfe ya yi ja sosai, ya haura digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, maganaɗisu ba zai kama shi ba, sai ya huce. Masu ƙera wuƙa a ƙasashe da dama da haka suke gane ƙarfe ya kusa isa a tsoma shi a ruwa ko mai. Iyakar nikel ba ta kai haka ba, wajen digiri 358 ce, ta kobalt kuwa ta haura 1,100. Ana kiran wannan iyaka da sunan Pierre Curie, wanda ya yi nazarinta a 1895.

Kuma kasancewar baƙin ƙarfe a cikin abu bai isa ba. Tarihin baka na Kano ya ce neman tama ne ya kawo maƙera daga Gaya zuwa gindin Dala. Jar tamar irin wannan cike take da baƙin ƙarfe, amma maganaɗisun hannu da ƙyar yake motsa ta, sai an narka ta a wuta an fitar da ƙarfen. Haka jar tsatsa. Haka jinin mutum: babban mutum yana ɗauke da baƙin ƙarfe kimanin giram 4 a jikinsa, amma ƙwayoyin a warwatse suke, ba maƙwabcin da za su bi. Don haka awarwaron maganaɗisu da ake tallatawa wai yana jan jini ya warkar da hawan jini ko sanyin ƙashi, ado ne kawai. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bar maganinsa saboda shi.

Mu koma shagon tukwane

A nan gizo ke saƙar. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a kasuwa ake cewa sitenles, baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ɗin ne ke yi masa wata siririyar riga da ido ba ya gani, mai hana tsatsa. Harry Brearley ya fito da irinsa a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Yau fiye da rabin wanda ake yi a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma birnin Foshan da ke manne da Guangzhou yana cikin manyan kasuwanninsa. Kayan kicin da yawa kuma daga garin Caitang suke zuwa, a yankin Chaozhou, gabashin lardin Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki.

Sitenles dangi ne, kowane da lambarsa, kuma lambobi uku ya kamata ɗan kasuwa ya haddace kamar lambar wayarsa.

Na farko 304. Yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ya sa za ku ga an buga 18/8 a gindin wasu tukwane. Yana jure gishiri da tsami da danshi, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Ku tsaya ku yi mamakin wannan. Baƙin ƙarfe yana kamuwa, nikel yana kamuwa, an haɗa su kuma sai haɗin ya ƙi. Dalili shi ne nikel yana sauya yadda ƙwayoyin baƙin ƙarfe ke jeruwa. Jerin da baƙin ƙarfe ba ya yi sai ya haura digiri 912 a wuta, nikel yana riƙe shi a haka ko bayan ya huce, kuma a wannan jeri ƙwayoyin ba sa bin maƙwabci. Akasin haka ma ya faru: a 1903 Bajamushe Friedrich Heusler ya haɗa jan ƙarfe da manganis da alminiyam, waɗanda ba ɗayansu da ke kamuwa, haɗin ya fito yana kamuwa. Ashe jeri ne magana, ba sunan ƙarfe kaɗai ba.

Na biyu 430. Kuromiyam ɗinsa kashi 16 zuwa 18, babu nikel, shi ake bugawa 18/0. Jerinsa irin na baƙin ƙarfe ne, don haka maganaɗisu yana kama shi da ƙarfi. Ba jabu ba ne. Da shi ake yin cokula da faranti da jikin injin wanki. Wuƙa mai kaifi ma, dangin 420, tana kamuwa, kuma in ka ga wuƙar kicin da maganaɗisu bai kama ba, da wuya ta riƙe kaifi.

Na uku shi ne wanda ke cin kuɗin mutane: 201. Nikel yana da tsada, sai masana'antu suka rage shi suka cike gurbin da manganis mai arha, wanda shi ma yana riƙe wancan jerin. Sakamakon haka 201 yana ƙyalli kamar 304, kuma maganaɗisu ba ya kama shi kamar 304, amma bai kai shi jure tsatsa ba, balle irin wanda aka ƙwaƙule nikel ɗinsa ya rage ɗan kaɗan. Tukunyar da maganaɗisun Alhaji ya zame a kanta tana iya zama 304, tana iya zama 201, kuma ɗan dunƙulen ba shi da hanyar bambance su. Alhaji ya gudu daga 430 mai gaskiya ya faɗa hannun 201 a farashin 304, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban ce 201 haramun ba ne. A busasshiyar ƙasa irin Katsina ko Maraɗi, ƙofa ko ƙarfen bene na 201 yana iya daɗewa lafiya lau. A Legas ko Kwatano, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, ba a jimawa yake fara ɗigo-ɗigon tsatsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin shi ne a sayar maka da rariya da sunan ƙwarya.

Akwai wani ruɗanin kuma. Shi kansa 304 na ainihi, in aka lanƙwasa shi ko aka matse shi a inji, wurin da ya sha matsa yakan ɗan kamu, domin matsi yana sauya jerin ƙwayoyi a wurin. Ku gwada kwanon wanke-wanke na 304: a shimfiɗaɗɗen gefensa maganaɗisu zai zame, a kusurwa ya ɗan riƙe. Sannan tukwanen zamani da yawa da gangan ake manna musu gindin 430, don murhun lantarki mai dafawa da maganaɗisu ba ya aiki sai da gindin da ke kamuwa. Wanda ya gwada gindi kawai ya mayar, ya mayar da tukunya mai kyau.

To me ɗan kasuwa zai yi? Ana sayar da ruwan gwaji a ƙananan kwalabe, ana ɗiga shi a jikin ƙarfe, launin da ya bayar ya nuna ko mai yawan manganis ne. Ba shi da tsada, amma ba ya rantsuwa. In kaya na kwantena ne, akwai na'urar hannu mai kama da bindiga da ke karanta adadin nikel da kuromiyam cikin 'yan daƙiƙu, kamfanonin duba kaya suna da ita. A rubuta lambar ƙarfen da kaurinsa a takardar ciniki, kuma a gwada kayan da aka loda, kada a tsaya ga samfurin da aka nuna a shago.

Waya, kwanon rufi da sarƙar wuya

Inda mayen ƙarfe ya fi amfani shi ne tona asirin baƙin ƙarfen da ya sa rigar wani. Wayar lantarki ta ƙwarai jan ƙarfe ce zalla. In ka fere roba ka kara maganaɗisu ya kama, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Amma in bai kama ba kada ka yi saurin murna, don akwai ta alminiyam da aka yi wa irin wannan shafe. Ita sai ka kankare ta da reza ka ga fari a ciki, ko ka jinjina: jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Alminiyam kuma kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, don haka irin wannan waya takan yi zafi in aka ɗora mata kaya. Wannan ya wuce asarar kuɗi, gobara ake magana.

Kwanon rufi ma haka. In an ce maka alminiyam ne zalla amma maganaɗisu ya manne, to baƙin ƙarfe ne da aka shafe da tutiya ko haɗin tutiya da alminiyam. Gwangwanin madara da na tumatir suna kamuwa don baƙin ƙarfe ne mai rigar kuza, na lemo yawanci alminiyam ne. Kwabon yuwan 1 na ƙasar Sin yana kamuwa, baƙin ƙarfe ne mai rigar nikel, in har ka samu wanda zai ba ka canji da shi, don yanzu ko mai sayar da ayaba a Guangzhou da waya ake biyansa.

Mata kuma, ga taku. Sarƙa ko ɗan kunnen da maganaɗisu ya ɗauka ɗungurungum ba zinariya ba ce. Amma wadda ya ƙyale ba ta tsira ba tukuna, don tagullar da aka wanke da ruwan gwal ita ma ba ta kamuwa. Kuma in maƙullin sarƙa kaɗai ya ɗan motsa, kada a ɗaga wa mai shago murya, ɗan siririn sifirin da ke ciki ne, wanda ko a sarƙar gwal ta ainihi da baƙin ƙarfe ake yinsa.

Baƙi da fari

Shi kansa maganaɗisun da ke hannunmu iri biyu muka fi gani. Baƙin nan mai kama da zobe da ake cirowa daga bayan lasifika ba ƙarfe ba ne ma a yadda muka san ƙarfe. Garin tsatsar baƙin ƙarfe ne aka haɗa da wani sinadari aka gasa kamar tukunyar ƙasa, shi ya sa in ya faɗi yake fashewa kamar kasko. Ana ce masa ferait. In aka cuɗa garinsa da roba, shi ne abin da ke riƙe ƙofar firji. Danginsa ne ke jikin zaren kaset ɗin da muka saurara a da, da baƙin layin da ke bayan katin banki. Yaran da ke jan maganaɗisu cikin yashin kwari bayan ruwan sama su ga baƙin gari ya taru kamar gashi, ɓurɓushin dutsen nan ne da matuƙan Guangzhou ke goga allura da shi. A Jos ma da injin maganaɗisu masu ma'adinai ke raba kolumbait, mai ɗan kamuwa, da kuza wadda ba ta kamuwa.

Farin kuwa, ƙarami mai ƙarfin tsiya irin na makullan Alhaji, haɗin baƙin ƙarfe ne da boron da wani ƙarfe mai suna niyodimiyam. Kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka ne suka fito da shi a farkon shekarun 1980. Ƙyallinsa na rigar nikel ne da ake sa masa don yana saurin tsatsa. Lambarsa daga N35 zuwa N52 take nuna ƙarfinsa, kuma na gama-gari yakan fara rauni in zafi ya haura digiri 80. Yana cikin abin sauraro na kunne, da lasifikar waya, da injin babur mai caji. Kusan kashi 90 cikin 100 na irinsa a ƙasar Sin ake yi, da ma'adinan Bayan Obo a Mongoliya ta Gida da na Ganzhou a lardin Jiangxi, maƙwabcin Guangdong. A watan Afrilun 2025 da gwamnatin Sin ta sa sharaɗin lasisi kan fitar da wasu daga cikin ma'adinan nan da maganaɗisunsu, sai da masana'antun motoci a Turai da Amurka suka ji a jikinsu.

Mai kai kaya kargo a Guangzhou zai ji ana tambayarsa ko akwai batir, ko ruwa, ko maganaɗisu a cikin kayansa. Ba neman ƙarin kuɗi kaɗai ba ne. Dokar sufurin sama ta sa kaya masu ƙarfin maganaɗisu a rukuni na 9 na kaya masu haɗari, don suna iya karkatar da kamfas ɗin jirgi, jikar waccan allura ta zamanin Zhu Yu. Shi ya sa ake auna katan ɗin lasifika da na injina kafin su bar filin jirgi na Baiyun. Wanda ya ɓoye, kayansa ne za su kwana a sito.

Farin nan ba abin wasan yara ba ne. In yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi tiyata. A kai shi asibiti nan take, kada a jira ya fita da kansa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya sa shi a aljihun gaba. Wanda kuma za a shigar na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da babban maganaɗisu, ya gaya wa ma'aikata duk wani ƙarfe da ke jikinsa, ko na tsohuwar tiyata ne.

Aikin gida

Kowa ya nemo maganaɗisu, ko na mataccen rediyo ne. A tara abubuwa goma daga gida: ƙusa, cokali, wuƙa, makulli, guntun waya, gwangwanin madara, gwangwanin lemo, murfin tukunya, da duk abin da ya sawwaƙa. Kafin a gwada kowanne, a rubuta a littafi ko ana zaton zai kama, sannan a gwada a rubuta abin da ya faru. Inda zato ya saɓa da gwaji, a yi ƙoƙarin faɗin dalili da abin da muka koya.

Sannan a goga allura da maganaɗisu sau talatin, ta gefe ɗaya kawai, a ɗora ta a kan ɗan ganye cikin ƙwaryar ruwa nesa da ƙarfe, a ga inda za ta tsaya.

Mako mai zuwa kowa ya zo da cokali ɗaya daga gidansa, kuma ya duba bayansa ko an buga wata lamba. Masu sana'ar walda da masu gyaran lantarki a cikinku, ku taho mana da guntayen ƙarfe da waya, a kansu za mu fara.